Jan Biro a Katin Awo

Tun ina 'yar aji biyu a Kumo
wata ke zuwa mini da wuƙa a hannu.
In kwanta a siminti, in naɗe kamar tabarma,
Goggo Dudu ta jiƙa kanwa da citta,
ta ce, "Ciwon mara ne, na kowa ne,
ranar da kika haihu zai tattara ya tafi."
Na yarda. Me yaro ya sani?

Shekara tara a ɗakin Bappayo,
ko ɓatan wata ban yi ba.
Na sha sassaƙe har harshena ya manta zaƙi.
Sai wata likita a Gombe, mai ƙaramar murya,
ta ɗora na'ura a marata, ta daɗe tana kallo,
ta ce irin shimfiɗar da ke cikin mahaifa
ta yi tsiro a waje,
kamar kabewar da ta haura dangar maƙwabta,
duk wata tana zubar da jini inda babu ƙofa.
Sunan ciwon ya fi ƙarfin bakina.
Kabewar na riƙe.

Da cikin ya zo, bai yi sallama ba.
Ranar awo Sista Rifkatu ta ce, "Faro mini daga farko."
Na ce, "Ai tsohon zance ne."
Ta ce, "Shi nake nema."
Ta ajiye baƙin biro, ta ɗauki ja,
ta ja layi biyu a goshin katina:
ban da haihuwar gida, a tanadi jini.

Goggo ta ji haushi.
"Goma sha ɗaya na haifa a kan gwiwata,
babu mai biro a kaina."
Ban tanka ba. Na tuna ƙanwarta Hajjo
da ba a ambatonta sai ranar sadaka.

Bappayo ya rufe rumfar faci,
ya miƙa hannu aka ɗebi leda guda.
Ƙanensa Gidado, mai tsoron allura,
ya rufe fuska da hula, ya ba da ta biyu.

Daren Laraba, ana yayyafi,
kika faɗo kina tsala kuka.
Aka ce mace ce, na yi dariya.
Dariyar ba ta ƙare ba na ji ɗumi
yana bin bayana kamar an tuntsurar da tulu.
Mabiyiya ta ƙi sakin bango.
Mahaifa ta gaji, ta ƙi dunƙulewa.
Zane ɗaya.
Zane biyu.
Atamfar da na ɓoye don suna, ita ce ta uku.
Fitila ta yi nisa,
muryoyi suka nutse ƙarƙashin ruwa.
Abin da na sani kawai hannun Rifkatu,
yana murza cikina kamar mai cuɗa ƙullu da fushi:
"Hansatu, kar ki yi barci.
Hansatu, 'yarki na jin yunwa."
Sai sanyi ya hau jijiyar hannuna,
ɗigo,
ɗigo,
jinin mai faci yana laluben inda na huje.

Asuba ta same ni a wannan gaɓar.

Goggo ta zo da kunun kanwa a kwanon sha,
ta zauna bakin gado, ta ɗauki katin, ta juya shi.
Ba ta karatu, amma ta san ja.
Ta bi layin da ɗan yatsa,
ta ce, "Da Hajjo…"
sai ta gyara kallabinta, ta dubi taga.

Ciwon kuwa bai tattara ba.
Ya jira na yaye ki, ya dawo da wuƙarsa,
sai dai yanzu na san ƙofar da zan buga.

Katin yana ƙasan akwati
cikin atamfar da sabulu ya kasa.
Na ajiye miki su duka biyu.
In wata ya taɓa zuwa miki da wuƙa, 'yata,
ba zan ce na kowa ne ba.
Zan yafa mayafi, in kulle ɗaki,
mu tsaya bakin titi mu tare motar Gombe,
ki faro musu daga farko.